Mene ne Jigon Koyarwar Kiristanci Game da Ɗabi'a da Gyaran Zuciya?

Tambaya:

Malam, muna zaune da Kiristoci a unguwa da wuraren aiki, wasu daga cikinmu ma iyayensu Kiristoci ne. Kullum muna jin suna cewa addininsu addinin ƙauna ne da yafiya. Mene ne ainihin abin da suke koyarwa game da kyawawan halaye da gyaran zuciya? A ina muka haɗu da su, a ina kuma muka rabu?

Amsa:

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da kuma sauran 'yan'uwansa annabawa baki ɗaya.

Ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa, ku sani cewa wanda zai yi magana a kan addinin wani, wajibi ne ya faɗe shi yadda mai shi zai ji ya ce, "Haka ne, haka muke cewa." Allah ya hana mu a Suratul Ma'ida aya ta 8 mu bar ƙiyayyar wasu mutane ta hana mu yi musu adalci, ya kuma umarce mu a Suratul Ankabut aya ta 46 kada mu yi jayayya da Ma'abuta Littafi sai ta hanya mafi kyau. Ranar da ka jingina wa Kirista abin da bai faɗa ba, ranar ka yi masa ƙarya, kuma ka toshe kunnensa daga gaskiyar da kake ɗauke da ita. Don haka za mu fara kawo maka maganar yadda su suke faɗarta, sannan mu auna ta da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna.

Abin da Kiristoci suke dogaro da shi shi ne littafin da suke kira Littafi Mai Tsarki, wanda ya ƙunshi Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, an rubuta su da harshen Girkanci, alhali Annabi Isa alaihis salam da mutanensa a Falasɗinu Aramiyanci suke yi. A cikinsu akwai Bishara huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, sai wasiƙun Bulus da na waɗansu. Waɗannan huɗun ba su ne Linjilar da Allah ya saukar wa Annabi Isa ba. Labaran rayuwarsa ne da maganganunsa da aka rubuta shekaru gommai bayan ɗauke shi, ko da yake ba za a rasa ragowar hasken annabci a cikinsu ba. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya hana mu gaskata Ma'abuta Littafi ko ƙaryata su kai tsaye, shi ya sa malamai irin su Ibnu Kasir suka kasa labaransu gida uku: wanda ya dace da abin da ke hannunmu mu karɓa, wanda ya saɓa mu mayar, wanda shari'armu ta yi shiru a kansa mu ma mu yi shiru.

Akwai wani abu da ya shafe ka kai mai jin Hausa. Tun shekarar 1932 aka buga wannan littafi gaba ɗayansa da Hausa, kuma Kiristan da ke ibada da Hausa, a Wusasa yake ko a Jos ko a Maraɗi, "Allah" yake cewa, yana cewa tuba da zunubi da gafara da alheri da ceto. Kalmomin ɗaya ne da naka, amma kayan da aka ɗora musu ba koyaushe suke zama ɗaya ba. Yawancin rashin fahimtar juna daga nan yake tasowa.

In ka tambayi Kirista mai ilimi wace doka ce ta fi girma, zai kai ka Markus sura ta 12. A can an ba da labarin wani malamin Attaura da ya yi wa Yesu wannan tambayar, sai ya amsa masa da abu biyu: mutum ya so Allah da dukkan abin da ke cikinsa, sannan ya so wa maƙwabcinsa irin son da yake yi wa kansa. Ka lura da wani abu a nan, don yana da amfani gare ka: a wannan wurin amsar ta fara ne da shelar cewa Ubangiji ɗaya ne, irin shelar da Annabi Musa ya koya wa Bani Isra'ila. Da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, Luka sura ta 10 ta ce ya ba da misalin wani matafiyi da 'yan fashi suka yi wa jina-jina suka yar a bakin hanya tsakanin Ƙudus da Yariko. Manyan masu hidimar addini guda biyu suka gan shi suka ratse, sai wani Basamariye, wanda ƙabilarsa ba ta ga maciji da Yahudawa, ya tsaya ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinya daga aljihunsa. Abin nufi shi ne maƙwabtaka ba ta tsaya ga ɗan ƙabilarka ko ɗan ɗariƙarka ba.

Wurin da aka fi tattara koyarwar ɗabi'a shi ne Matiyu sura ta 5 zuwa ta 7, inda aka kawo wa'azin da suke cewa ya yi a kan dutse. Ya buɗe da yi wa wasu mutane albishir, kuma ba masu mulki ko masu dukiya ba ne: masu ƙanƙan da kai ne, da masu baƙin ciki, da masu jinƙai, da masu tsabtar zuciya, da masu sulhunta mutane, da waɗanda ake zalunta saboda gaskiya. Daga nan ya mayar da laifi zuwa tushensa a cikin zuciya. Kisan kai daga fushi da wulaƙanta ɗan'uwa yake farawa, zina kuma daga kallon sha'awa. Ya yi kashedi mai tsanani a kan riya, ya ce mai sadaka ya ɓoye ta, mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, mai azumi kada ya ɓata fuska don mutane su gane. Ya ce ba a haɗa bautar Allah da bautar dukiya. Ya hana mutum ya zura ido ga ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa alhali nasa idon gungume ne a ciki. A nan ne kuma aka kawo addu'ar da kowane Kirista ya haddace tun yana yaro, wadda a cikinta suke roƙon abincin yini, da gafara gwargwadon yadda su ma suke yafe wa waɗanda suka yi musu laifi.

Ba sai an gaya maka ba, kunnenka ya riga ya saba da wannan. Ka san hadisin mutum bakwai da Allah zai inuwantar ranar da babu wata inuwa sai tasa, cikinsu har da wanda ya ɓoye sadaka ta yadda hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Ka san hadisin Anas cewa imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Ka san zinar ido kallo ce. A Matiyu sura ta 25 an siffanta ranar hisabi, inda ake tambayar mutane game da mai yunwa da mai ƙishirwa da baƙo da mara lafiya da ɗan kurkuku, kuma Muslim ya ruwaito hadisin ƙudusi mai kama da wannan, inda Allah zai tuhumi ɗan Adam cewa bawansa ya yi rashin lafiya bai gaishe shi ba, ya nemi abinci bai ba shi ba. A Luka sura ta 15 akwai makiyayin da ya yi murna da ganin tunkiyarsa da ta ɓace, mu kuma muna da hadisin da ya ce Allah ya fi farin ciki da tuban bawansa fiye da mutumin da raƙumarsa ta ɓace masa a daji da guzurinsa a kanta, sannan ya gan ta bayan ya yanke ƙauna. Wannan kamanni bai kamata ya ba ka mamaki ko ya girgiza ka ba. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce annabawa kamar 'yan uba suke, iyayensu mata daban-daban, addininsu ɗaya, kuma ya ce shi ne mafi kusancin mutane ga Isa ɗan Maryam. Magabata ma ba su ƙyamaci hikimomin da ake jingina wa Annabi Isa ba. Imamu Ahmad ya kawo da yawa daga cikinsu a Kitabuz Zuhdi.

Inda aka fara samun bambanci a fagen ɗabi'a shi ne batun ramuwa. A wancan wa'azin an umarci mutum ya so maƙiyinsa, ya yi wa mai tsananta masa addu'a, in an mare shi a kunci ɗaya ya miƙa ɗayan. Musulunci ma ya ɗaukaka afuwa, ya ce a tunkuɗe mugunta da abin da ya fi kyau, kamar yadda ya zo a Suratu Fussilat aya ta 34. Amma a Suratus Shura aya ta 40 Allah ya bai wa wanda aka zalunta haƙƙin ramawa daidai da abin da aka yi masa, sannan ya kwaɗaitar da shi cewa in ya yafe ladansa yana wurin Allah. Wato afuwa falala ce, ƙisasi kuma haƙƙi ne, domin al'umma ba ta tsayuwa in azzalumi ya san ba abin da zai same shi. Su kansu Kiristoci sun daɗe suna saɓani a kan yadda za a aiwatar da wannan umarni. Malaminsu Agustin, wanda ya rasu a shekarar 430 a garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya halatta yaƙi bisa sharuɗɗa, kuma mafi yawan coci-coci sun bi wannan. Wasu 'yan tsiraru kuma sun haramta ɗaukar makami sam, kamar cocin da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ta samo asali daga gare shi, wadda aka dasa a Garkiɗa a 1923. Kuma kada ka auna koyarwar da aikin mafi munin mabiyanta. Gaskiya ne mayaƙan gicciye sun zubar da jinin Musulmi da Yahudawa a Ƙudus a 1099, amma kai ma ba ka yarda a auna Musulunci da aikin Boko Haram.

Alƙur'ani da kansa ya shaidi wannan taushin zuciya. A Suratul Hadid aya ta 27 Allah ya ce ya sanya tausayi da jinƙai a zukatan waɗanda suka bi Annabi Isa, a Suratul Ma'ida aya ta 82 kuma ya ce Nasara ne mafi kusa da muminai a soyayya, saboda akwai malamai da masu ibada a cikinsu kuma ba su da girman kai. Sai dai ayar Hadid ɗin ta ƙara da cewa rahabaniyanci su suka ƙirƙire shi, ba a wajabta musu ba. Wannan shi ne ƙaurace wa aure da dukiya da jama'a don ibada, wanda ya bunƙasa a hamadar Masar a hannun irin su Antoni da ya rasu a 356, kuma har yau limaman Katolika galibinsu ba sa aure. Mu kuwa Annabinmu ya tsawatar wa mutum ukun nan da ɗaya ya ce ba zai yi barci da dare ba, ɗaya ya ce ba zai sha ruwa daga azumi ba, ɗaya ya ce ba zai yi aure ba.

To, yanzu mu zo ga asalin maganar. Da yawan Musulmi suna zaton waɗannan halaye su ne ƙashin bayan Kiristanci. Kiristan da ya san addininsa zai ce maka a'a, waɗannan 'ya'yan itace ne, saiwar tana wani wuri. Saiwar ita ce wane ne Yesu, da abin da suke cewa ya faru a kan gicciye.

Ga yadda suke tsara ta. Sun ce saɓon Annabi Adamu bai tsaya a kansa ba, ya ɓata ɗabi'ar zuriyarsa duka, ya shiga tsakaninsu da Allah. Tushen wannan yana wasiƙar Bulus ga Romawa sura ta 5, Agustin kuma ya faɗaɗa shi har ya zama abin da ake kira zunubin gado, ko da yake Kiristocin Gabas, irin su na Girka da Rasha, sun fi cewa mutuwa da karkata zuwa saɓo aka gada, ba alhakin laifin ba. Sun ce mutum ba zai iya fitar da kansa daga wannan rami ba, sai Allah ya zo cikin siffar mutum, ya mutu a kan gicciye fansa ga mutane, ya tashi a rana ta uku. Bulus ya faɗa ƙarara a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa sura ta 15 cewa in babu wannan tashin, imaninsu banza ne. Saboda haka ceto a wurinsu kyauta ce, ita suke kira alheri, ana karɓarta da bangaskiya. A kan matsayin aiki ne suka rabu da juna. Martin Luta, wanda ya tayar da ƙayar baya a Jamus a 1517, ya ce bangaskiya kaɗai ke kuɓutarwa, Furotesta kuma suka bi shi. Katolika sun ce sai bangaskiyar ta haɗu da ƙauna da ayyuka da ibadun coci, kamar baftisma da jibin Ubangiji da furta zunubi a gaban limami, suna kafa hujja da wasiƙar Yakubu da ta ce imanin da babu aiki gawa ne. Kada ka ce musu wai addininsu ya ba su lasisin saɓo tun da an riga an biya. Bulus ya kore wannan fahimta a Romawa sura ta 6, kuma suna ganin kyakkyawan hali godiya ce da alamar cewa zuciya ta sabunta.

A nan muka rabu, rabuwar da ba a ɗinke ta da kyakkyawar magana. Alƙur'ani ya ba da labarin saɓon Annabi Adamu, amma ya rufe shi a wurin: a Suratul Baƙara aya ta 37 ya karɓi wasu kalmomi daga Ubangijinsa, ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa. Ba abin da ya rage da za a gada. Kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, kuma babu ran da ke ɗaukar nauyin wani, kamar yadda ya zo a Suratul An'am aya ta 164 da wasu wurare. Suratun Nisa'i aya ta 157 da 158 ta kore kisan da gicciyewar, ta ce an kamanta musu ne, Allah kuwa ya ɗauke shi zuwa gare shi. Mu ma ba mu ce aikinmu ne kuɗin Aljanna ba, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa babu wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna, har shi Annabi, sai in Allah ya lulluɓe shi da rahama. Ashe ba a kan rahama muke jayayya da su ba. Jayayyar ita ce: shin rahamar Allah tana buƙatar a zubar da jinin wanda bai yi laifi ba kafin ta sauka? Su sun ce adalcin Allah ne ya buƙaci haka. Mu muka ce azabtar da mara laifi a madadin mai laifi ba adalci ba ne, kuma Mai iko a kan komai yana gafarta wa wanda ya tuba ba tare da wani a tsakani ba. Abin lura, a Luka sura ta 15 akwai misalin ɗan da ya karɓi gadonsa ya je ya almubazzarantar, ya dawo da nadama, mahaifinsa ya tarye shi da gudu ya rungume shi. Babu fansa a labarin, babu jini. Nadama ce da dawowa da yafiya, kuma wannan ita ce tuba kamar yadda ka san ta.

Haka batun Allahntaka. Suna cewa Allah ɗaya ne cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma ba su yarda a ce suna bauta wa alloli uku ba, ba su kuma nufin haihuwa ta aure in sun ce Ɗa. Ka faɗi wannan yadda suke faɗarsa. Amma ka sani kalmar Triniti ba ta cikin littafinsu. Tatuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, shi ya fara amfani da ita da Latinanci kimanin shekara ta 200, kuma sai a taron Nikiya na 325, wanda Sarki Kustantin ya kira, aka zartar cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya, aka la'anci Ariyus da ya ce Ɗan halitta ne. Taron Kustantiniyya na 381 ya tabbatar da matsayin Ruhu. Duk yadda aka fassara ta, Alƙur'ani ya mayar da ita: Suratun Nisa'i aya ta 171 ta hana faɗin uku, Suratul Ma'ida aya ta 72 da 73 ta kira ta kafirci, Suratu Ali Imrana aya ta 59 kuma ta kwatanta halittar Isa da ta Adamu, wanda ba shi da uba balle uwa. Farkon wannan sura ya sauka ne game da tawagar Kiristocin Najran da suka zo Madina suka tattauna da Annabi a kan wannan mas'ala. Kyawun hali, komai yawansa, ba ya maye gurbin tauhidi, kuma Muslim ya ruwaito cewa Bayahude ko Banasaren da ya ji labarin Annabi ya mutu bai yi imani da shi ba ɗan wuta ne. Sai dai yanke wa wani mutum ayyananne makoma ba aikinka ba ne, domin Allah ne ya san wanda hujja ta isar masa da wanda ba ta isar ba, da kuma abin da kowa zai cika a kansa.

A zamanka da su, Suratul Mumtahana aya ta 8 ta ba ka damar kyautatawa da adalci ga duk wanda bai yaƙe ka ba. Ka gaishe da mara lafiyarsu, Annabi ya je duba yaron Bayahude da ke yi masa hidima. Ka cika musu alkawari, ka biya su bashi, ka kiyaye haƙƙin maƙwabtaka. In iyayenka ne, Suratu Luƙman aya ta 15 ta ce kada ka bi su a shirka amma ka zauna da su da kyautatawa, kuma an umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba Musulma ba ce. Abin da ba naka ba shi ne shiga ibadarsu ko furta abin da ke nuna yarda da aƙidarsu. Kuma ka yi hattara da wani bala'i da ya yawaita a musun da matasa ke yi a Facebook: wani ya zagi Annabinmu, sai Musulmi ya rama da yi wa "Yesu" izgili. Wanda ake nufi da wannan suna Annabi Isa ɗan Maryam ne, ɗaya daga manzanni biyar Ulul Azmi, wanda Alƙur'ani ya ambaci sunansa sau 25, kuma yi wa annabi izgili kafirci ne.

In za ka buɗe magana da Kirista, ka duba yadda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi a gaban Najashi sarkin Habasha. Ya fara da halayen da Musulunci ya koyar da su, gaskiya da amana da zumunci da kyautata maƙwabtaka, sannan ya karanta farkon Suratu Maryam, har sarki da limamansa suka yi kuka. Washegari Amru ɗan Asi, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya sa aka tambaye su me suke cewa game da Isa, don ya haɗa su da sarki. Ja'afar bai ɓoye ba, bai kuma sassauta ba. Ya ce bawan Allah ne kuma manzonsa, ruhi ne daga gare shi, kuma kalmarsa ce da ya jefa wa Maryam budurwa. Ummu Salama, wadda take cikin masu hijirar, ta ruwaito cewa Najashi ya ɗauki ɗan tsinke daga ƙasa, ya ce Isa bai wuce abin da Ja'afar ya faɗa ba ko da gwargwadon wannan tsinke, sannan ya ba su aminci a ƙasarsa.

Allah ne mafi sani.